Topido, Makamin Jirgin Ƙarƙashin Teku, da Sha'anin Kayan Gyaransa

Gabatarwa

Ran 2 ga watan Mayu na shekarar 1982, can a kudancin Tekun Atlantika, wani jirgin ƙarƙashin teku na Ingila mai suna Conqueror ya harba wa babban jirgin yaƙin ƙasar Ajantina, General Belgrano, makamai uku. Biyu suka same shi. Cikin kimanin sa'a guda jirgin ya nutse, mutum 323 suka halaka. A cikin wannan wata dai, a kuma wannan yanki na teku, wani jirgin ƙarƙashin teku na Ajantina mai suna San Luis ya lallaɓa har kusa da jiragen Ingila, ya yi harbi ba sau ɗaya ba, amma ko ƙwarzane bai yi wa wani jirgi ba. Makamin da Conqueror ya harba tsohon yayi ne, sojan ruwan Ingila sun fara aiki da irinsa tun 1927. Na San Luis kuwa sabuwar ƙirar Jamus ce, mai waya da na'urar sauraro.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayanin wannan makami, watau yadda yake, da yadda yake aiki, da kuma dalilin da ya sa tsoho ya ci sabo ya kasa. Dalilin yana komawa ne ga wani al'amari da kowane ma'aikacin gwamnati ya san shi ta wata fuska, watau gwaji da kulawa da kayan gyara. Nijeriya ba ta da jirgin ƙarƙashin teku, Nijar ma ko gaɓar teku ba ta da ita. A Afirka ƙasashe irin su Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ne ke da su. Amma duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar sayen injin ban ruwa ko janareton asibiti zai gane maganar tun kafin a kai ƙarshenta.

Suna da asali

Turawa suna kiran makamin topido, kuma tun da Hausa ba ta tanadi suna ga abin da ba ta taɓa gani ba, aron kalmar ya fi sauƙi bisa ga doguwar fassara irin ta "makami mai linzami na ƙarƙashin ruwa". Asalin kalmar daga Latin take, tana da ma'anar sandarewa ko mutuwar jiki, kuma suna ne na wani kifin teku wanda ke jan mutum kamar lantarki in an taɓa shi. Masunta na Kogin Kwara da Tafkin Cadi sun san irin wannan hali ga minjirya. Da a ce Bahaushe ne ya ƙera makamin, da wataƙila minjirya zai kira shi, kuma da sunan ya zauna daram.

Wanda ya fara ƙera topido mai tafiya da kansa wani injiniya ne Baturen Ingila, Robert Whitehead, a shekarar 1866, a garin Fiyume, wanda yau ake kira Rijeka a ƙasar Kuroshiya. Wani hafsan sojan ruwan Ostiriya, Giovanni Luppis, shi ya fara kawo masa tunanin ɗan kwalekwale mai ɗauke da nakiya wanda za a riƙa sarrafawa da igiya daga gaɓa. Whitehead ya watsar da igiyar, ya nutsar da abin cikin ruwa, ya sa matsattsiyar iska ta riƙa juya farfelarsa. Matsala biyu suka tsaya masa. Ta farko ita ce yadda makamin zai riƙe zurfin da aka sa masa, kada ya yi tsalle sama kamar kifi ko ya kafe a laka. Ya warware wannan ta haɗa wani faifai mai jin nauyin ruwa da wani ƙarfe mai lilo irin na agogon bango, su biyun suna motsa fikafikan wutsiya. Shekaru da yawa kamfaninsa ya ɓoye wannan dabara. Ta biyu ita ce miƙewa ba tare da karkata ba, kuma ba a same ta ba sai wajen 1895, da wani Ba'ostiriye, Ludwig Obry, ya kawo na'urar jairo. Jairo dai wani faifai ne mai nauyi da ke juyawa da tsananin sauri. Kamar yadda katantanwar yara ba ta faɗuwa muddin tana juyi, haka shi ma yake riƙe fuskar da aka sa shi, ko da jikin da ke ɗauke da shi ya karkata.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya nuna wa duniya abin da aka haifa. Ran 22 ga Satumba, 1914, ƙaramin jirgin Jamus guda, U-9, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila uku cikin ɗan abin da ya wuce sa'a guda, mutum fiye da 1,400 suka mutu. Afirka ta Yamma ma ta ji a jikinta, domin jiragen kamfanin Elder Dempster da ke zirga-zirga tsakanin Libaful da gaɓar Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda aka riƙa harbi. Ɗaya daga cikinsu, Falaba, an nutsar da shi a watan Maris na 1915, mutum 104 suka rasu.

Babba da ƙarami

Topido iri biyu ne. Akwai ƙarami, mai kaurin milimita 324, wanda jiragen sama da helikwafta da jiragen saman ruwa suke jefawa don farautar jirgin ƙarƙashin teku. Akwai kuma babba, mai kaurin milimita 533, watau inci 21, wanda shi ne jirgin ƙarƙashin teku ke harbawa, kuma shi ne abin magana a nan. Rashawa sun ƙera wani da ya fi wannan, mai milimita 650.

In aka ɗauki Mark 48 na Amurka misali, wanda ya fara aiki a 1972 aka kuma yi ta sabunta shi, tsawonsa ya kusa mita 6, nauyinsa ya kusa kilo 1,700, watau ya fi motar Fijo 504 nauyi nesa ba kusa ba. A cikin wannan nauyi nakiyar ba ta wuce kilo 295 ba, kwatankwacin buhun siminti shida. Saura duk inji ne da mai da na'urori. A gaba can, a hanci, akwai kunnuwan sauraro. Bayansu kwamfuta, sai ɗakin nakiya da kunamarsa, watau na'urar da ke tayar da ita, sai tankin mai ko batir, sai ƙunshin waya, sa'an nan inji da farfela da fikafikan wutsiya. A taƙaice topido ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku ne wanda ba matuƙi a ciki, wanda kuma aka gina don tafiya ɗaya tak.

Wajen ƙarfin tafiya maƙera sun kasu gida biyu. Amurka da Ingila sun riƙe injin mai. Man da suke amfani da shi, wanda ake kira man Otto da sunan masanin da ya haɗa shi, Otto Reitlinger, ruwa ne ja-ja mai maiƙo wanda ke ɗauke da iskar ƙonewarsa a jikinsa, saboda haka yana ci a inda babu iska. Yana ba da sauri ƙwarai. An ce Spearfish na Ingila yana kai kilomita 140 da ɗoriya a sa'a. Amma injin mai yana da ƙara, hayaƙinsa guba ne, kuma gwargwadon zurfi gwargwadon wahalar da yake sha wajen fitar da hayaƙin, don ruwa na danne shi. Jamus da Faransa da Italiya sun zaɓi batir. DM2A4 na Jamus da F21 na Faransa suna kai kimanin kilomita 90 a sa'a, suna cin zangon kilomita 50. Batir bai damu da zurfi ba, ba ya barin sawun kumfa a bayansa, ba ya kuma yawan ƙara. Sai dai akwai azurfa mai yawa a cikinsa, kuma na yaƙi sau ɗaya ake amfani da shi. Kamfanin Italiya mai ƙera Black Shark, a garin Liborno, daga masana'antar Whitehead ya samo asali.

Daga bututu zuwa ƙarƙashin jirgi

Ana harba topido ne ta wani bututu mai ƙofa biyu, ɗaya tana buɗewa cikin jirgi, ɗaya tana buɗewa cikin teku. A sa makami ta ƙofar ciki, a rufe, a cika bututun da ruwa har nauyinsa ya yi daidai da na waje, sa'an nan a buɗe ƙofar waje a tunkuɗa shi da ruwa. Doka ɗaya ce ba a karya ta: kada ƙofofin biyu su kasance a buɗe lokaci guda. A ranar 1 ga Yuni, 1939, sabon jirgin Ingila mai suna Thetis ya fita gwaji kusa da Libaful. Akwai wani ɗan famfo a jikin ƙofar ciki wanda ake buɗewa a ga ko da ruwa a bututu. Mai fenti ya toshe ramin famfon da fenti bai sani ba. Aka buɗe famfo, ruwa bai ɗigo ba, aka buɗe ƙofa, teku ta shigo. Mutum 99 suka mutu, huɗu suka tsira. Tun daga ranar aka ƙara wa ƙofar wani ɗan maƙalli mai hana ta wangalewa gaba ɗaya, wanda sojan ruwan Ingila ke kira da sunan jirgin.

Da makami ya fita, wata siririyar waya, ta tagulla ko ta zaren gilashi, tana haɗe shi da jirgin da ya harba shi. Ƙunshi biyu ne, ɗaya a jikin topido ɗaya a wajen jirgi, kowane yana warwarewa ta gefensa, saboda haka wayar kwance take cikin ruwa ba wanda ke jan ta. Ta wannan waya ake gyara masa hanya, domin kunnuwan jirgi sun fi nasa girma da ji. In ya matso sai ya koma ga nasa kunnuwan. Yana iya yin shiru ya bi ƙarar farfelar abokin gaba, yana kuma iya yin irin ta jemage, ya saki ƙara ya saurari amsa-kuwwa. Wasu, musamman na Rasha, sawun kumfar da jirgi ke bari a bayansa suke bi, suna ratsa shi hagu da dama har su cim masa. Tun 1943 Jamusawa suka fito da topido mai bin ƙara, Ingilishi kuma suka mayar da martani da wani ƙarfe mai ƙarar tsiya da jirgi ke ja a bayansa don makamin ya bi shi. Wannan tsere na yaudara da gane yaudara bai tsaya ba, sai dai yanzu a cikin kwamfuta ake yin sa.

Mutum zai zaci so ake makamin ya daki jirgi ya huda shi. A'a, an fi so ya wuce ta ƙarƙashinsa ya fashe a can. Jirgi ƙarfe ne, yana karkatar da maganaɗisun ƙasa a kewayensa, kunamar topido kuma tana jin wannan canji. Idan nakiya ta tashi 'yan mitoci ƙarƙashin jirgi, da farko bugun fashewar zai dake shi. Sa'an nan wata ƙatuwar ƙwallon iska mai zafi ta kumbura ta ɗaga tsakiyarsa sama, goshi da wutsiya suna rataye. Nan take ƙwallon ta motse, tsakiyar ta rufta cikin ramin da aka bari, ruwa kuma ya yi tsiri ya soke cikin jirgin da ƙarfi. Ƙashin bayan jirgi ba ya jure wannan lanƙwasa sama da ƙasa, sai ya karye kamar kara a gwiwa. A watan Yuni na 1999 sojan ruwan Ostareliya sun gwada Mark 48 guda a kan tsohon jirginsu Torrens, ya rabe biyu a gaban masu ɗaukar hoto. Haka kuma jirgin Koriya ta Kudu, Cheonan, ya rabe biyu ran 26 ga Maris, 2010, sojoji 46 suka mutu. Kwamitin bincike na ƙasashe da dama ya ce topidon Koriya ta Arewa ne, ita kuwa ta musanta.

Abin da rashin gwaji ya jawo

Babu labarin da ya fi na Mark 14 na Amurka koyarwa. An ƙera shi a tashar topido ta Newport a shekarun 1930, lokacin da kuɗi ya yi wuya. Kowane guda yana cin wajen dala 10,000, saboda haka hukuma ba ta yarda a fasa ko ɗaya a gwaji ba. Kunamar maganaɗisu da aka sa masa, tun 1926 aka harba samfurinta sau biyu ga wani tsohon jirgi, ɗaya ya wuce bai tashi ba, ɗaya ya tashi. Aka ce ya isa, aka kulle sirrin, har mafi yawan waɗanda za su yi aiki da ita ba su san cikinta ba.

Da yaƙi da Japan ya ɓarke a Disamba 1941, kyaftin-kyaftin suka riƙa dawowa da ƙorafi iri ɗaya: sun auna daidai, sun ga sawun makami ya bi ta ƙarƙashin jirgi, shiru. Hukumar makamai ta ce laifinsu ne, ba su iya harbi ba. Aka sauke wasu daga muƙamansu. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a saurare shi ba sai da wani babban hafsa, Charles Lockwood, ya yi abin da ya kamata a yi shekaru goma kafin nan. A watan Yuni na 1942, kusa da garin Albani a Ostareliya, ya sa aka kafa ragar masunta a ruwa aka harba mata topido, aka auna inda ya huda. Sai ga shi makamin yana nutsewa fiye da yadda aka sa shi da kimanin mita 3. Dalili biyu ne: an daidaita shi da kan gwaji wanda bai kai kan yaƙi nauyi ba, an kuma mayar da ramin da ke jin nauyin ruwa can wajen wutsiya, inda gudu ke rage nauyin, sai makamin ya zaci yana sama-sama ya ƙara nutsewa.

Da aka gyara zurfi sai aibi na biyu ya bayyana, wanda na farko ya rufe. Kunamar maganaɗisu tana tashi tun kafin a isa, domin ƙarfin maganaɗisun ƙasa da karkatarsa ba ɗaya ba ne a ko'ina, na gaɓar Amurka dabam, na kusa da tsakiyar duniya dabam. A Yuni 1943 Admiral Nimitz ya ba da umurni a kashe ta a jiragen da ke ƙarƙashinsa, a koma ga kunamar karo. Sai aibi na uku ya fito. Ran 24 ga Yuli, 1943, jirgin Tinosa ya sami wani ƙaton jirgin dakon mai na Japan, Tonan Maru mai lamba 3. Ya harba shida, biyu na ƙarshe suka tashi suka tsayar da shi. Kyaftin Lawrence Daspit ya matso, ya daidaita sosai, ya riƙa harbi ɗaya bayan ɗaya har tara, ana jin suna bugun jikin jirgin, ba wanda ya fashe. Ya bar na ƙarshe ya kawo gida a duba. Aka harba wasu ga wani dutse a tsibirin Kahoolawe na Hawai, mai nutso ya tsamo wanda bai tashi ba. Aka kuma riƙa sako kawunan topido daga tsawon mita 27 a kan faifan ƙarfe. Abin da aka gano shi ne, in makami ya daki jirgi kai tsaye, ƙarfin karon yana lanƙwasa hanyar da 'yar ƙusar kunama ke bi, ta maƙale kafin ta isa. Harbin da ya fi kyau shi ya fi zama na banza, wanda ya zo a karkace shi ke tashi. Aka ƙera ƙusa marar nauyi a ɗakin gyara na Pearl Harbor, magana ta ƙare. Wata 21 ana yaƙi kafin a kai ga wannan 'yar ƙusa.

Jamusawa ma sun sha irin wannan a gaɓar Norwe a Afrilu 1940, inda kunamar maganaɗisunsu ta ruɗe, jiragen Ingila da dama suka tsira. Shi kuwa kyaftin ɗin Conqueror, Christopher Wreford-Brown, da yake yana ɗauke da sabon Tigerfish mai waya wanda ba a gama amincewa da shi ba, ya matsa kusa ya harba tsohon Mark 8. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kayan gyara

Topido yana shafe shekaru kwance a rumbu ko a cikin jirgi, cikin laima da gishiri, sa'an nan a ce ya tashi cikin daƙiƙa ya yi aikin da bai wuce na minti ashirin ko talatin ba, babu kuskure. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara nauyin kilo guda a kan wurin da bai fi farcen yatsa faɗi ba. A mita 300 kilo 30 ke nan a kan kowane farce, kuma abin da ke tsare wannan ruwa zoben roba ne. Roba tana bushewa ta tsage. Batir yana da wa'adi. Ƙunshin waya sau ɗaya yake aiki, haka abin kunna inji. Jairo yana bukatar a daidaita shi, kunnuwan sauraro suna bukatar awo. Saboda haka kowane makami yana da ranar da dole a sauke shi daga jirgi a kai shi ɗakin gyara, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba.

Bayan wannan akwai harbin koyo. Ba a sanin jirgi da mutanensa sun iya sai sun yi ta harbi. Don haka akan cire kan nakiya a sa wani mai na'urorin ɗaukar bayani, a harba a filin gwaji irin na tsibirin Andros a Bahamas ko na gaɓar yammacin Sikotilan. In ya gama gudu sai ya taso sama, kwalekwale ko helikwafta ya tsamo shi. A ɗakin gyara, irin na Keyport a Amurka, a wanke gishiri, a tsiyaye ragowar mai, a warware injin, a canja zobba da waya da duk abin da ya ƙone, a auna, a haɗa. Topido guda yana iya yin wannan zagaye sau da dama. Kowane zagaye kuwa yana cin kayan gyara, kuma ƙasar da safayarta ta ƙare ba makami kaɗai ta rasa ba, ta daina koyo ke nan.

A nan ne labarin San Luis ya sami bayani. Kwamfutar harbinsa ta lalace tun yana hanya, ba a iya gyara ta a teku ba, sai da hannu aka riƙa lissafi. Ran 1 ga Mayu kyaftin Fernando Azcueta ya harba SST-4 guda, waya ta tsinke. Wajen 11 ga wata ya sake gwadawa ga jiragen Ingila biyu, ba abin da ya faru. Bayan yaƙi aka danganta abin da rashin kyakkyawar kulawa, har da rahoton cewa an juya wayoyin wutar da ke ta da jairo a wajen gyara, ta yadda makamin ke rasa fuskarsa da zarar ya fita. Ma'aikatan ba su sami isasshen harbin koyo da zai tona wannan tun lokacin lafiya ba.

Wani lokaci kuwa makamin da ba a kula da shi ba mai shi yake ci. Akwai topido da ke aiki da wani ruwa mai ba da iskar ƙonewa, wanda tsarmammensa ne ake sayarwa a kantin magani don wanke ciwo. Tsantsarsa in ta taɓa tsatsa ko tagulla sai ta tafasa nan take, ta zama tururi da iska mai ninkin girmanta dubbai. Irin wannan ya fashe a cikin jirgin Ingila Sidon a tashar Fotland ran 16 ga Yuni, 1955, mutum 13 suka mutu, Ingila ta yi watsi da shi. Rasha ta ci gaba. Ran 12 ga Agusta, 2000, a Tekun Barents, topidon koyo mai milimita 650 ya yi yoyo a cikin bututun jirgin Kursk ya fashe. Bayan minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi wutar ta ta da sauran makaman, har na'urorin auna girgizar ƙasa a Norwe suka ji. Duk mutum 118 da ke ciki suka mutu, 23 daga cikinsu bayan sun daɗe suna jira a ɗakin baya. Binciken gwamnatin Rasha na 2002 ya tabbatar da yoyon, kuma an janye wannan irin makami daga jiragenta.

Ciniki da siyasa

Ƙasashen da ke ƙera babban topido ba su da yawa, kuma ba a sayar da shi kamar yadda ake sayar da mota. A watan Mayu na 2020 gwamnatin Amurka ta amince a sayar wa Taiwan Mark 48 guda 18 a kan kimanin dala miliyan 180. Wanda ya raba zai ce miliyan 10 kowane guda, amma lissafin ba haka yake ba, domin a cikin kuɗin akwai kayan gyara, da na'urorin awo, da akwatunan dako, da littattafan aiki, da horon ma'aikata, da taimakon injiniyoyi. Ƙasar Sin, wadda ke ɗaukar Taiwan yankinta, ta yi tir da cinikin. Mai saye ya ɗaura kansa ke nan ga mai sayarwa har tsawon rayuwar makamin, shekara talatin ko fiye, kuma ranar da siyasa ta juya, zoben roba ma sai da izini.

Shi kansa mai ƙerawa bai tsira ba. Amurka ta daina ƙera sabon Mark 48 a tsakiyar shekarun 1990, ta riƙa sabunta tsofaffi, ba ta koma ga ƙera sababbi ba sai 2016. A cikin shekara ashirin ƙananan kamfanonin da ke yin sassa sukan rufe, ƙwararru su yi ritaya, kayan lantarkin da aka zana makamin a kansu su ɓace daga kasuwa, sai an sake zane.

Akwai kuma batun dacewa. Kaurin bututu ɗaya ne, amma kowane topido yana da irin kwamfutar harbi da irin wayoyin da yake magana da su. Kanada ta sayi jirage huɗu daga Ingila a 1998, waɗanda aka gina don makaman Ingila, alhali ita Mark 48 take da shi a rumbu. Aka shiga canje-canje, ga sauran gyare-gyaren da jiragen suka bukata, har sai a 2012 ɗaya daga cikinsu, Victoria, ya harba na yaƙi ya nutsar da wani tsohon jirgi a atisaye kusa da Hawai. Indiya kuwa, wadda ta san zafin wannan makami tun ran 9 ga Disamba, 1971, da jirgin Pakistan Hangor ya nutsar mata da Khukri da mutum 194, ta shirya sayen Black Shark 98 don sababbin jiragenta ƙirar Faransa. Zargin cin hanci a wani cinikin helikwafta dabam ya shafi uwar kamfanin na Italiya, sai aka soke batun a 2016. Da jirgin farko, Kalvari, ya fara aiki a Disamba 2017, tsofaffin topido ƙirar Jamus da aka saya wa wasu jirage tun shekarun 1980 aka daidaita aka loda masa.